Fasinjar da Ba Ta Cikin Takarda

Nieves Arranz ta shekara ashirin da shida tana kai baƙi Escorial, tsohuwar fadar sarakunan ƙasar, tana dawo da su Madrid kafin ƙarfe biyu na rana, kuma duk tsawon shekarun nan ba ta taɓa baro mutum ko ɗaya a can ba. Da wannan aka san ta a kamfaninsu. Akwai 'yan jagorar da suka fi ta Turanci, akwai masu barkwancin da ke sa tsofaffin Amurkawa dariya har da hawaye, amma in ana son a koya wa sabon ma'aikaci hankali, sai a ce ya je ya ga yadda Nieves take ƙirga kawuna. Daga kujerar ƙarshe take farawa ta taho gaba, leɓenta na motsi, yatsanta na saran iska a kan kowane mutum. Ba ta kallon fuska, ba ta amsa tambaya. In adadin ya zo daidai da na takardar da ofis ya ba ta da safe, sai ta ƙwanƙwasa ƙarfen da ke kusa da direba sau biyu da zobenta, mota ta tashi. In bai zo daidai ba, kowa ya gyara zama.

Aikin ba ya canzawa. Talata zuwa Lahadi, don ran Litinin fadar a rufe take. Takwas da rabi mota take tashi daga bayan Plaza de España. A fara da kwarin nan mai ƙaton gicciye, makabartar waɗanda yaƙin basasa ya ci, minti arba'in da biyar, inda Nieves ta ƙware wajen yin dogon bayani ba tare da ta ce komai ba, don in da 'yan ƙasa a motar, ba a rasa wanda kakansa ya mutu a wannan ɓangaren na yaƙin basasa da wanda nasa ya mutu a wancan. Daga nan sai Escorial: ɗakin littattafai, coci, ɗakin da sarkin da ya gina wurin ya cika, a ƙarshe a gangara ƙarƙashin ƙasa inda sarakuna suke kwance. Ɗaya saura kwata kowa ya koma mota. Motar nan dai ita take kai wasu baƙin Toledo da ƙarfe uku, da wani ɗan jagorar daban, saboda haka makarar minti goma a Escorial faɗa take zama a Madrid.

Garin da fadar take ba baƙo ba ne a wurinta. Uwarta, Doña Herminia, haifaffiyar San Lorenzo ce, unguwar da ke jingine da katangar fadar. Tun tana 'yar shekara sha uku take yi wa masu kuɗin Madrid guga in sun hauro shan iska da bazara, har ta auri wani bakanike na jirgin ƙarƙashin ƙasa ya kawo ta unguwar Aluche a Madrid, hawa na huɗu, benen da babu lif. A nan aka haifi Nieves, bayan shekara huɗu aka haifi Ramiro. A nan kuma Nieves take har yau, tana da shekara hamsin da huɗu, a ɗakin da ta yi karatun firamare.

Ta fara karatun tarihi a jami'a, ta yi shekara biyu, uban ya kwanta ciwon huhu, ta ajiye. Ramiro ya ƙarasa nasa. Akwai wani malamin makaranta da ya jira ta shekara huɗu, ya gaji, ya auri wata 'yar Getafe. Uban ya rasu, Ramiro ya yi aure ya koma Ávila yana sayar da kayan gyaran tarakta, ita kuwa ta zauna da uwar. Babu wanda ya ce ta zauna. Babu kuma wanda ya taɓa ce mata sannu. In Doña Herminia ta soya wainar ƙwai da dankali, tsakiyar, inda ya fi laushi, na Ramiro ne, ko da sai ran Lahadi zai zo. In Nieves ta shigo da yamma ƙafafunta sun kumbura, gaisuwar da take tararwa ita ce, "Ramiro ya bugo?"

Gigin tsufan uwar ya fara ne da dutsen guga da aka bari a kunne har ya ƙona tebur. Daga nan tukunya, daga nan makulli. Wata safiya maƙwabta suka tsinto tsohuwar a bakin tashar jirgi da silifas ɗin ɗaki, tana tambayar masu wucewa jirgin San Lorenzo, wai matar likita na jiran rigunanta. Nieves ta samo wata mata 'yar Ecuador tana zama da ita da safe. Aka yi shekara ɗaya da rabi a haka, matar ta koma ƙasarsu. Gidan yinin tsofaffi na unguwa suka rubuta sunan Doña Herminia, suka ce a jira, akwai mutum sittin a gabanta.

A lokacin ne Ramiro ya bugo da maganar da ya daɗe yana juyawa a baki. Ya ce ya samo gurbi a wani gidan kula da tsofaffi a ƙauye kusa da Ávila, sistocin coci ne suke riƙe da shi, wuri mai tsabta, da lambu, minti ashirin daga gidansa. Ya yi maganar a hankali, yana ce mata Tata, sunan da yake kiranta da shi tun bai iya faɗin Nieves ba.

"Na yi wa Papa alkawari," in ji Nieves. "A asibiti. Ya riƙe hannuna ya ce kada in bari a kai ta irin gidajen nan."

Ramiro ya bar maganar, don ba ya nan ranar da uban ya cika, kuma abin yana cinsa har yau. Nieves ta san da haka. Gaskiyar magana, tsohon bai riƙe hannun kowa ba. Ruwa ya nema, aka ba shi, ya tambayi ko Atlético sun ci wasan jiya, ya yi barci bai farka ba. Alkawarin nan a kan waya aka haife shi, a daidai lokacin da ta buƙace shi. Sai dai da ta maimaita shi sau uku sau huɗu, ga maƙwabta, ga likita, ga matar Ramiro, har ta soma ganin hannun uban a kan nata. Ko da za a tsare ta a tambaye ta me ya sa ta ƙi, ba za ta iya rarrabe wa mutum ba: son uwar ne, ko kuwa ba ta son Ramiro, wanda bai taɓa wanke wa tsohuwar ko ƙafa ba, ya zo a ƙarshe ya zama shi ya warware matsalar, uwar ta koma minti ashirin daga ƙofarsa tana ce wa sistoci ga ɗanta mai kirki. Duka biyun suna nan a ranta, sun cakuɗe.

Anselmo ne ya kawo dabarar. Shi ne direbanta shekara goma sha ɗaya, mutumin Extremadura, gajere mai tumbi, saura masa shekara biyu ya ajiye aiki. Ya ga ta zo wata safiya idonta jawur, ta kulle uwar a gida ta cire kan murhun gas ta sa a jaka. Ya ce mata kujerar da ke bayansa ai ba a sayar da ita, nan ake ajiye robobin ruwa da jakar 'yar jagora. Ta kawo tsohuwar ta zauna. In an shiga fada, shi zai tafi da ita shagon da direbobi ke shan kofi. Duk su biyun sun san inshorar motar sunayen da ke cikin takarda kawai ta sani, kuma ranar da ofis ya ji, shi ne farkon wanda za a sallama. Ya ce ofis ba su taɓa hawa motar ba tun da aka saye ta.

Haka aka yi wata biyar. Kuma abin mamaki, tsohuwar ta farfaɗo. Takan tashi da wuri ta sa jan baki, ta ɗaura mayafinta ruwan ƙasa, ta sauko benen nan hawa huɗu tana mita.

"Ga budurwata," Anselmo yakan ce yana miƙa mata hannu a bakin mota. "Doña Herminia, yau fa sai kin ba ni amsa. Ni ba yaro ba ne, ba zan yi ta jira ba."

"Rage tumbin tukuna," takan ce. "Ni ba zan auri buhun dankali ba."

"Shugaba, kin ji abin da uwarki ke ce mini a gaban baƙi?"

"Ja mota, Anselmo."

Sunan Nieves kuwa yakan zo ya tafi. Wata rana yarinya ce, wata rana Sagrario ce, yayar tsohuwar da ta mutu tun shekara talatin. Amma hanyar ba ta ɓace mata ba. Da zarar duwatsu sun bayyana sai ta miƙe wuya. In Nieves ta ɗauki makirufo tana faɗin yawan tagogin fadar, sai tsohuwar ta ce da ƙarfi ita ta san matar da take wanke su, kuma ƙazama ce. Baƙi ba sa jin abin da take cewa, amma suna dariya, suna ɗaukarta hoto, wasu har suna zaton kamfani ne ya ajiye ta don ƙawa. Nieves takan ƙirga kawunanta ta tsaya a kujera ta biyu. Kujerar bayan direba ba ta cikin lissafi. Ba ta taɓa shiga ba, tun zamanin robobin ruwa.

Ranar wata Alhamis ta watan Maris, mutum talatin da takwas a takarda, iska mai sanyi na gangarowa daga dutsen Abantos, Doña Herminia ta ƙi bin Anselmo. Ta ce ta gaji da zama da maza masu warin taba, yau za ta shiga ta gai da matattu. Lallashi bai yi ba, lokaci na tafiya, Nieves ta sayo mata tikitin tsofaffi ta riƙo hannunta. Ta bi su ɗakin littattafai lafiya, ta durƙusa a coci ta yi alamar gicciye. Sai da aka gangara matakalar marmara zuwa wurin sarakuna. Nieves na tsakiyar labarin da baƙi suka fi so, na ɗakin da ake ajiye gawar sarki shekara ashirin da wani abu har nama ya zube, kafin a kwashe ƙasusuwan a sa a akwatinsa, sai ta ji an ja hannun rigarta.

"Sagrario," in ji tsohuwar. Fitsarin ya riga ya fi ƙarfin famfas ɗin, ya bi safa, ya taru a gefen takalmi.

Mutum talatin da takwas suka sami abin kallo a rufin ɗaki. Nieves ta ce su haura su jira ta a tsakar gida, ta nemi afuwar mai gadi, ta ja uwar zuwa banɗaki. A can, a ɗan lungun da mutum biyu ba sa juyawa, ta durƙusa ta cire mata safa, ta goge ta da tsumman jiƙe, tana duban agogo. Wataƙila hannunta ya yi nauyi. Tsohuwar ta kai mata duka a gefen kunne, duka na sosai, na hannun da ya shekara hamsin yana ɗaga dutsen guga.

"Muguwa," ta ce. "Tun kina ƙarama hannunki kamar na mahauci. Bari Ramiro ya zo in gaya masa."

Nieves ta ci gaba da aikinta. Ta sa mata busasshen wando, ta ƙulle jiƙaƙƙen a leda, ta wanke hannu. Kunnenta na ƙara.

Da suka fito filin dutsen da ke gaban fada, ɗaya saura minti biyar, an ci minti goma daga lokacin Toledo. Mutum biyu ba sa nan, wasu mata da miji 'yan Argentina, an ce suna kantin tsaraba. Ta zaunar da uwar a kan gajeriyar katangar bakin filin, ta ruga ta fito da su suna ta ciniki a kan faranti. Ta ɗaga jar lemarta sama yadda ta saba, ta kama hanya, garken ya biyo ta. A mota ta tafi kujerar ƙarshe ta taho gaba. Talatin da shida, da bakwai, da takwas. Ta ƙwanƙwasa ƙarfe sau biyu. Anselmo, wanda ba ya iya ganin kujerar da ke daidai bayan ƙeyarsa, kuma wanda bai taɓa jin ƙarar zoben nan a kan kuskure ba cikin shekara goma sha ɗaya, ya rufe ƙofa ya ja.

Har zuwa nan mantuwa ce, kuma kowane ɗan jagora zai gane ta. Hannu ya yi abin da ya saba, adadi ya cika. Abin da ya biyo baya ne Nieves ba ta da sunan da za ta ba shi.

Suna gangarowa, daidai tashar jirgin ƙasa, tana riƙe da makirufo tana ce wa baƙi su duba dama, sai ta waiwaya hagu. Ga jakar ulun saƙa a kan kujera, ga robobin ruwa a ƙasa. Babu kowa. Ta gani, ta kuma gane abin da ta gani. Bakinta ya tsaya a tsakiyar magana. Akwai shataletale a gabansu, taku ɗari biyu, inda mota za ta juya cikin sauƙi, minti huɗu su koma. Kalma ɗaya kawai za ta faɗa wa Anselmo.

Sai ta ji kafaɗunta sun sauka. Shekara nawa rabon da su sauka, ba ta sani ba, don ba ta ma san a ɗage suke ba. Iska ta shiga ƙirjinta har ƙasa. Motar ta yi mata faɗi, ta yi haske, babu wanda zai ja hannun rigarta. Ba ta yi tunanin komai ba, ba ta yi fatan wani abu ya sami tsohuwar ba, wannan kam ta bincika ranta daga baya sau ba adadi ba ta samu ba. Daɗi kawai ta ji. Ta ɗaga makirufon ta ci gaba. Ta gaya musu sunan itatuwan da ke cikin makiyaya, ta nuna musu katangun dutse da aka jera ba siminti, ta ce baƙaƙen bijiman can na filin wasan da ake kara su da mutane ne, kada kowa ya yi sha'awar tsallakawa ya gaishe su. Aka yi dariya. Muryarta ba ta taɓa yin daɗi kamar ranar ba. Shataletalen ya wuce. Ta ce a ranta, a na gaba. Na gaban ma ya wuce.

Kilomita bakwai. Sai da suka hau gadar madatsar ruwa ta Valmayor, ta ga ruwan ya yi toka-toka iska na tattare shi, sannan ta tuna mayafin tsohuwar siriri ne, kuma ƙafafunta babu safa. Ta kashe makirufon.

"Anselmo," ta ce. "Mama."

Ya kai hannu baya ya laluba kujerar, ya taɓo jakar ulu. Ya zagi wani waliyyi a ƙasan maƙoshi. Kan gada ba wurin juya mota mai tsawon mita goma sha biyu ba ne, sai da suka ƙara gaba ya sami mashigar wata unguwa, ya yi gaba ya yi baya sau uku, motoci na ta yi masa ham. Nieves ta gaya wa baƙi an baro mutum. Wata Ba'amurkiya daga baya ta ce ai tun ɗazu ta so ta tambaya ina tsohuwar, sai ta ɗauka a garin take zaune.

Minti talatin da biyar ke nan da barinta lokacin da Nieves ta iso filin da gudu. A hanya ta riga ta hango komai: tsohuwar ta bi titi neman gidan matar likita, ta faɗi a matakala, 'yan sanda, asibiti, muryar Ramiro. Sai ga ta nan inda aka ajiye ta, a kan katanga, ƙafafu a haɗe, hannaye a cinya, iska na kaɗa gefen mayafinta. Leɓenta ya yi shuɗi.

"Kin makara, yarinya," ta ce. "Ni dai ban motsa ba. Ke kike cewa wanda ya ɓata ya dawo katangar nan ya zauna, kada ya motsa, za ki zo."

Haka ne. Abin da Nieves take faɗa wa baƙi ke nan kowace safiya kafin a sauka, da Sifaniyanci da Turanci. Matar da ba ta riƙe sunan 'yarta ba ta riƙe wannan. Nieves ta cire kwat ɗinta ta lulluɓe ta, ta kama hannayen suna sanyi kamar ƙarfe tana murzawa. Ta jira kuka ya zo mata bai zo ba. Tsohuwar ta tambaye ta ko za a ci abinci yanzu.

Sun shiga Madrid uku saura minti goma. Ɗan jagorar Toledo ya yi ta ɗaga hannuwa a bakin titi. Anselmo ya ce wa ofis ƙofar baya ce ta ƙi rufuwa, ya tsaya gyara, suka ce ya rubuta. Ba'amurkiyar da sauran suka watse cikin gari, kowa da yunwarsa. Da alama maganar ta mutu.

Washegari da safe, kafin baƙi su taru, suna tsaye a kantar shagon kofi, tsohuwar na zaune a tebur tana tsoma burodi a madara, Anselmo ya yi ta juya cokali a kofin da sukarinsa ya daɗe da narkewa.

"Shugaba," ya ce, bai dube ta ba. "Na ga kin waiwaya a tashar jirgi. Kin yi shiru kamar numfashi biyu, sannan kika shiga maganar bijimai. A lokacin ban kawo komai ba. Jiya da na je gida ne abin ya dawo mini."

Nieves ta riƙe kofinta da hannu biyu. Ta so ya zage ta. Da ya ce mata muguwa, kamar yadda uwar ta ce, da ta sami abin da za ta tsaya a kai, ko ta musa ko ta amsa. Sai ya ba ta labarin nasa uban, da ya shekara uku a kwance a Badajoz. Ya ce akwai ranar da aka bugo aka ce ya zo maza, ya tuƙa awa huɗu, ya isa ƙofar asibiti, ya zauna a mota yana ɓare 'ya'yan kabewa har leda ta ƙare. Ya ce har yau bai san me yake jira ba, ko kuma ya sani.

"Kujerar tana nan," ya ce. "Ni ban hana ba. Ke kika san abin da za ki iya."

Ta gwada. Ranar Juma'a da Asabar ta ƙirga talatin da ɗaya ta ƙara ɗaya, ta ƙirga arba'in da huɗu ta ƙara ɗaya, ta waiwaya kujerar sau goma kafin su kai garin Las Rozas. A bakin mota ta riƙe wuyan hannun tsohuwar har ya yi shaida. Bayanin ya riƙa kuɓuce mata, ta ba wani sarki matar ɗansa, wani baƙo mai littafi a hannu ya gyara mata. Ba mantuwa take tsoro ba, mantuwa ana yi mata dabara. Wadda ta zauna a kujerar gaba ta ji daɗi har kilomita bakwai take tsoro, don ba ta san ranar da za ta sake fitowa ba, ba ta kuma san inda za su kasance ranar ba, ko bakin titi, ko gaban jirgi.

Ran Lahadi da yamma ta buga wa Ramiro waya ta tambaye shi ko gurbin nan yana nan. Ya ce zai tambaya, yana jin akwai. Ya tambaye ta ko wani abu ya faru, ta ce babu, ta gaji ne kawai.

"Tata, kada alkawarin nan ya dame ki," ya ce a tausashe. "Papa zai gane. Kin yi iyakar yinki."

Ta ce to.

Litinin ta sama suka kai uwar, a motar Ramiro, da akwati ɗaya da hoton aurenta. Tsohuwar ta sa jan baki. Duk hanya tana tambayar ina mai tumbin nan, me ya sa yau motar ta ƙanƙance. Gidan yana da tsabta kamar yadda aka faɗa, da lambu, da warin miya da sabulu. Sistar da ta karɓe su, wata doguwa mai gilashi, ta sa Nieves ta cika takardu, don ita ta san magunguna da lokutansu, da abin da tsohuwar ke ci da wanda take tofarwa. Ramiro na tsaye yana juya makullin mota. Da aka gama sistar ta gaya musu tsarin gidan. Ba a sallama. In an yi sallama sukan rikice su yi ta kuka har kwana uku. A bari sai ta fara cin abinci, hankalinta ya tafi kan kwano, sai su zame su fita. Kuma kada kowa ya zo sai bayan mako biyu, ta saba tukuna.

Aka zaunar da Doña Herminia kusa da wata tsohuwa mai farin gashi, aka ɗaura mata ƙyalle a wuya, aka kawo miya. Ta ɗanɗana ta ce babu gishiri, ta ci gaba da sha. Sistar ta yi musu alama da ido. Ramiro ya fita da sauri. Nieves ta tsaya a bakin ƙofa, rabin jikinta a waje. Ta ba uwar lokaci ta ɗago, ta neme ta, ta kira ta da kowane suna ta ga dama, ko na Sagrario ne. Tsohuwar na gaya wa maƙwabciyarta yadda ake guge kwalar riga ba tare da ta yi ƙyalli ba. Sistar ta dafa gwiwar hannun Nieves, a hankali, ta ja ƙofar.

A wurin ajiye motoci Ramiro ya kifa kai a kan rufin mota ya fashe da kuka, kafaɗunsa na rawa, yana cewa mamarsa, mamarsa. Nieves ta riƙe shi, ta shafa bayansa, ta ba shi hankici, har ya lafa. Ya share fuska ya ce ba zai iya tuƙi haka ba, su tsaya su ɗan zauna a wani wuri.

Suka tsaya a gidan abincin bakin hanya inda manyan motoci ke fakawa. Ramiro ya ce kofi kawai zai iya sha. Nieves ta buɗe baki za ta ce ita ma, sai ta ji ƙamshin abin da ake kai wa tebur na kusa. Aka kawo mata farin wake da nama a kasko, yana tururi. Ta ci a hankali da farko, kanta a ƙasa. Babu wanda za ta yanka wa nama ƙanana, babu bakin da za ta goge, abincin bai huce ba kafin ta kai gare shi. Ta cinye waken, aka kawo gasasshen nama ta cinye, ta bi kaskon da ɓawon burodi. Kunya na cinta tana ci, kuma kunyar ba ta rage mata yunwar ba ko kaɗan.

Ramiro na kallonta da jajayen idanu.

"Tata," ya ce, "yaushe rabonki da abinci?"

Bakinta a cike yake. Ta ɗaga hannu ta kira mai kawo abinci, ta nuna masa kwandon burodin da ya ƙare.